Tabon da Muka Rufe da Lalle

Shekarun baya, lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, ba a daɗe da tafiyar Nasara ba, ni ce gwanar ƙunshi a unguwarmu a Djougou. To, wataƙila ni na naɗa wa kaina sarautar, don a lokacin kaina ya fi ƙarfin kallabina. Wurin mahaifiyata na koya. Ita kuwa mace ce da ba a taɓa ganin tafin ƙafarta fari ba. Kafin lalle ya koɗe ta sa an kwaɓa wani, a yi ta maimaitawa har jan ya koma baƙi wuluk. Takan ce ko a kwance take, kada wanda ya shigo ya tarar da ƙafarta kamar ta namiji.

Da ciwon baya ya hana ta sunkuyo, ni na gaji ƙafafun. Ran nan ina wanke mata su kafin in ƙunsa, sai na ga ɗigo a diddigen hagu, bai wuce ƙwayar wake ba. Baƙinsa daban da na lalle.

"Inna, mene ne wannan?"

"Ƙaya na taka a hanyar Pélébina, ta bar tabo. Ba ya ciwo. Rufe min shi, 'yar nan."

Na rufe, kuma na iya rufewa. Nakan ƙara kaurin lallen a wurin, in ɗaure da ganye da tsumma tamau, in an kwance ko ita ba ta gane inda tabon yake. Mata su zo barka ko biki, su kama ƙafar Inna suna juyawa suna yaba hannuna, ni kuwa ina ta fankama.

Damina ta wuce, wata ta zo, ta sake wucewa. Ƙwayar wake ta zama goro. Gefensa ya yi gatse-gatse, tsakiyar ta tasa. Duk sanda na yi magana sai ta ce, "Ke dai aikinki lalle, ba duba ba." Gaskiya ni ma ban tsorata ba. A wurinmu abin da ba ya zafi, ba ya hana cin tuwo, ba ciwo ba ne.

Sai ya fashe. Inna ta fara taka gefen ƙafa, tana barin ɗigon jini a tabarmar sallarta. Kaluluwa ta fito mata a matsematsi, tauri kamar dutse. Yayana, wanda ke sayar da yadi a Parakou, ya zo hutun Sallah ya ga tabarmar. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa mu a kamyo, babbar motar kaya, muka sauka gidansa a unguwar Guéma can Parakou, washegari sai asibiti.

Likitan ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ya jiƙa auduga da ruwan magani ya yi ta gogawa, yana neman inda ciwon ya tsaya da inda lallen ya fara. Lallen ya ƙi fita. Ai ni na sa shi. Ya taɓa kaluluwar, ya danna mata ciki.

"Depuis quand?" ya tambayi yayana.

Yayana bai san tun yaushe ba, sai ya waiwayo ni. Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, na faɗa wa likitan gaskiya. Ya ce ciwon daji ne na fata, ba a cika ganinsa ba, kuma a jikin baƙar fata yana son tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Da an kawo shi yana ƙarami, da an yanke wurin kawai an ɗinke. Yanzu ya bi jiki ya shige, ko an cire ƙafar ba abin da zai canza.

Inna tana ta kallon bakinmu. Ta ja hannun rigata.

"Ya ce lallena ne ya jawo?"

"A'a, Inna. Ya ce ba lalle ne ya kawo shi ba."

"To, alhamdu lillahi," ta ce, har da murmushi.

Ba ƙarya na yi mata ba. Sauran maganar, cewa lallen ne ya ɓoye shi, ita ce ban faɗa mata ba, kuma har yau tana raina.

Muka koma Djougou da ƙullin maganin rage zafi. Inna ta yi ta ramewa, tari ya kama ta, ɗakin ya ɗauki wari duk turaren da nake sawa. Masu zuwa dubiya suka koma tsayawa daga bakin ƙofa. Wata safiya ta miƙo min ƙafar dama, mai lafiyar, ta koɗe ta yi fari fat.

"Dubi abin kunya. Kwaɓo lalle."

"Inna, don Allah ki bar ni."

"Haka za ki bari a gan ni?"

Na kwaɓa ina kuka. Na ƙunsa mata, na maimaita washegari, ya kama ya yi baƙi yadda take so. Ba ta ga koɗewarsa ba.

Ranar da ta rasu, gwaggona ce ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Da ta zo kan ƙafar dama sai ta tsaya, ta shafa tafin, ta ce a hankali, "Wa ya yi mata wannan ƙunshi? Kai, hannun nan ya iya." Butar ta suɓuce min.

Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma yarda ba ta cire min ƙwayar waken nan daga ido ba. Yanzu na tsufa, jikokina suna min dariya wai Kaka ta zama likitar ƙafa, don duk wadda ta zauna kusa da ni sai na juya tafinta na duba. Lalle kuwa, tun ranar ban sake kwaɓawa ba. Ko ƙanshinsa na ji daga gidan biki, hanya nake canzawa.