Ranar da Na Sa Majo Ya Tsallaka Babana

Babana mai haƙar rijiya ne. Daga Bambeye har ƙauyukan da ke arewa da Affala, da wuya ka leƙa rijiyar kirki da ba hannunsa a ciki, kuma rijiyoyin ƙasarmu ta Adar ba na wasa ba ne, sai ka jefa dutse ka tsaya jiran ƙararsa. Shekara talatin yana shiga ƙasa yana fitowa tare da abokinsa guda, wani dogon mutum ɗan Kalfu. A wata bazara, 'yan shekaru kaɗan bayan an sauke tutar Faransa, rijiya ta rufta da su biyun. An ciro Baba da rai. Abokin nasa sai washegari aka tono gawarsa.

Aka kawo mana shi Tahoua a kan raƙumi, ba karaya, ba komai sai ƙujewa a gwiwa. Amma fa shiga ɗaki, ya ce bai san zancen ba. Da ya kai bakin ƙofa sai numfashinsa ya sarƙe, gumi ya keto masa, ya dafe ƙirji ya ja da baya. Ko zaure ya kasa ratsawa, sai danga muka ɓalle ta bayan gida muka shigo da shi, ya tare a ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gida. Inna ta daɗe da rasuwa, ni ce babbar ɗiya, don haka na baro ɗakin mijina na dawo jinya. Rubutu ya sha har ya gaji, hayaƙi an yi har idanunmu suka yi ja, duk a banza. Ga shi da tsohon tari na ƙurar rijiya, ga damina tana matsowa. Abin da ke raina guda ne, dare da rana: tsohon nan ya shiga ɗaki kafin ruwa ya sauka, don na san in ruwan farko ya doke shi a waje, sai dai mu nemi likkafani.

Baffana, ƙanen Baba, shi ya jawo mana majo, wato babban ma'aikacin ƙaramin gidan likita na unguwarmu. Baƙo ne daga gabas, gwamnati ta turo shi, Hausarsa ma daban da tamu. Siriri ne, ba mata, ba dangi, namiji da gemunsa yana dafa wa kansa tuwo. Ni tun ganin farko bai kwanta mini ba. Ni mace ce mai baki, in raina ya ɓaci unguwa za ta ji, kuma mutumin da ko an taka shi ba ya ɗaga murya, wallahi ban taɓa yarda da irinsa ba.

Ya saurari ƙirjin Baba da abin saurarensu, ya ce ban da tarin nan ba abin da ya gani, ciwon na tsoro ne, kuma allura ba ta kai wa nan. Amma akwai wata hanya da ya koya wurin wani likita Bature da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ta sa mutum wani irin barci da magana kawai, a lallashi zuciyarsa har ta saki abin da ta riƙe. Na tambaye shi me za a sha, ya ce babu. Me za a shafa, nan ma babu. Na ce to da me zai kama shi? Ya yi ɗan murmushi ya ce ba kamawa ake yi ba, kuma Baba na iya buɗe ido duk sa'ad da ya ga dama. Murmushin nan ya fi komai ba ni haushi. Baffa ya ce a gwada, Baba ya ɗaga kai alamar ya yarda, ni kuwa ba wanda ya nemi shawarata.

Da la'asar yake zuwa, in ya tashi aiki. Ranar farko ya roƙi a ba su wuri. Kowa ya fita ban da ni. Na jawo faifai na zauna gindin turmi, wai ina tsintar gero, alhali ko tsakuwa guda ban cire ba.

Ya zauna a tabarma kusa da Baba, ya ce ya kafa ido a kan farcen babban yatsansa, kada ya kalli komai sai shi. Sai ya shiga magana a hankali, murya guda ba hawa ba sauka, kamar mai lallashin saniya a wurin tatsa. Iska na shiga, iska na fita. Kafaɗa ta yi nauyi, ido ya yi nauyi. Ya yi ta maimaitawa har ni kaina na ji hamma ta kama ni, na yi maza na tofa a'uziyya. Idon Baba ya rufe. Majo ya ce masa hannunsa na dama ya zama sakayau, kamar ana jan sa da zare. Ina kallo da idona, hannun tsohon nan ya rabu da gwiwarsa ya tashi sama a hankali, yatsun suna lilo. Mutum yana barci kuma yana amsa tambaya, hannunsa yana bin umarnin wani, wannan a garinmu suna guda gare shi. Kowa ya san maye ba ya taɓa jikinka, kurwarka yake kamawa, kai kuma ka yi ta binsa kamar raƙumi da akala.

Gaskiya dai ba zan ɓoye ba, an ga sauƙi. Bayan zuwa na biyu Baba ya tsaya bakin zaure bai yi gumi ba. Bayan na uku ya sa ƙafa ciki, ya zauna kamar tsawon salla guda kafin ya fito. Baffa har da hawaye. Ni ma na ji daɗi, amma daɗin bai hana ni lura ba. Na ga tun azahar Baba yake fara kallon hanya. Na ga furar da na dama masa ba ya sha sai mutumin nan ya zo ya tafi. Ni da na baro mijina da 'ya'yana saboda shi, ban isa in sa shi cin abinci ba, sai wani baƙo da ko sunan kakansa ba mu sani ba.

A zuwa na huɗu ne abin ya fashe. Majo ya mayar da Baba cikin rijiyar da baki, yana gaya masa igiya na ɗaure a ƙugunsa, shi ne ke riƙe da ita a sama, ba abin da zai same shi. Ya tambaye shi me yake gani. Can sai na ji Baba da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Na taka kafaɗatai," in ji shi. "Ƙasa na zuba, shina kirana, ni ko na taka kafaɗatai na hau."

Abokinsa da ya mutu a rijiyar yake nufi. Hawaye na bin gemunsa, ido a rufe. Faifan ya suɓuce mini, geron ya watse. Majo bai ko waiwayo ba, ya ci gaba da maganarsa ta sanyi har ya farkar da shi. Da zai fita na tare shi a zaure na ce wa ya aike shi tonon asirin mutane. Ya ce abin da ya ji ya mutu a cikinsa, kuma sauran zama biyu ko uku a gama. Ni ban ji wannan ba. Abin da nake gani shi ne jandarmomi a ƙofar gidanmu, da dangin mamacin daga Kalfu, da sunan ubana a bakin mata wurin ɗiban ruwa. Ko dai ya sa masa maganar nan a baki, ko ya zaro ta daga inda ba mahalukin da ya isa ya kai hannu. Ko wanne ne, na tsane shi.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Baba, jiki kamar garwashi, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum da yamma. Yana rawar ɗari yana sambatu, kuma ba sunan da ke bakinsa sai majo. Majo, majo, a kira majo. Matan maƙwabta da suka shigo dubiya suka kalli juna, wata tsohuwa ta riƙe haɓa. Ba sai an gaya mini ba, tun muna yara muka san wanda aka kama wa kurwa sunan mayen yake kira.

Na yafa zane da hantsi na nufi gidan likita, na tarar da shi cike da mata da goyo. Ban yi sallama ba. Na tsaya tsakiyar fili na buɗe murya na ce ya fito ya saki kurwar ubana. Na faɗi hannun da ya tashi, na faɗi barcin da ba barci ba, na ƙara da abin da ban gani ba ma. Majo ya fito da farar rigarsa, ya ɗauki jakarsa ya biyo ni. Kafin mu kai gida rabin unguwa na bayanmu.

Ya duƙa ya taɓa goshin Baba, ya ɗaga fatar idonsa, ya ce zazzaɓin sauro ne, wanda ya kwana wata biyu a waje dole ya same shi. Ya ciro ƙwayoyin kinin ya miƙo. Na maƙe hannu. Baffa, da jiya-jiya yake sa masa albarka, yanzu ya ga jama'a ya juya, ya ce ba ƙwayar da za ta shiga bakin yayansa sai an yi abin da aka saba. Abin da aka saba kuwa shi ne a shimfiɗe marar lafiya, wanda ake zargi ya tsallaka shi sau uku a gaban mutane, kurwar ta koma wa mai ita. Wanda ya tsallaka ya amsa laifinsa ke nan.

Majo ya dube ni, ni kaɗai.

"Malama, in na tsallaka, kin san abin da garin nan zai kira ni?"

"Na sani," na ce.

"In na yi, za ki ba shi maganin, safe da yamma?"

Na ce zan ba shi. Ya daɗe yana kallon Baba da ke karkarwa a tabarma. Sai ya tuɓe takalmansa, ya cire farar rigar ya ninke ta a kan jaka. Ya tsallaka, ya dawo, ya sake tsallakawa. Tsakar gidan tsit, sai wata mata a baya da ta ce kurwata kur. Ya durƙusa ya yi wa Baba 'yar magana a kunne wadda ban ji ba, ya zuba mini ƙwayoyin a tafin hannu, ya ɗauki kayansa. Mutane suka dare masa hanya, uwaye na jan 'ya'yansu baya.

Zazzaɓin ya sauka a kwana na biyu. A na uku, bayan azahar, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, yayyafi ya fara. Baba ya miƙe da kansa, ya naɗe tabarmarsa, ya tsaya bakin ɗaki yana jan numfashi yana saki, sannan ya shiga ya zauna dab da ƙofa. Na rangaɗa guɗa har muryata ta dushe. Unguwa duk ta ce ai ga shi nan, an tsallaka an warke, ni kuma na yi ta yawo da kai sama kamar wadda ta ci yaƙi.

Gidan likita kuwa ya zama kufai. Mata suka gwammace su tafi can wata unguwa da yaro a baya. Mahauta ba sa son majo ya tsaya kusa da namansu. Sau guda muka yi kiciɓis a kasuwa, ya tambaye ni jikin Baba, na kau da kai na tofar da yawu. Kafin a yanke gero an mayar da shi wani gari, ban san ko ina ba. Maganar kafaɗar nan kuma, har yau da nake ba da labarin, ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Da na so in ce wannan ya wanke shi a wurina sarai, amma ƙarya zan yi. Hannun nan da ya tashi da kansa har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baba ya shiga ɗaki, amma bai taɓa wuce taki biyu daga ƙofa ba, kuma bai yarda a saki asabari ba, ko ana ruwa ko ana sanyin hunturu. Nan yake kwana, kai a bakin ƙofa, feshi na dukansa, tarin na ƙaruwa kowace shekara. Wata rana da damina ina goge masa ruwan da ya jiƙa masa wuya, na yi masa faɗa, na ce tunda an karɓo masa kurwarsa me kuma ya rage da ba zai matsa ciki ba. Ya riƙe hannuna.

"Ɗiyata, ba wanda ya kama mini kurwa. Kiran majo nike ya zo ya ƙarasa. Ina rabin rijiya kika kore mai riƙe mani igiya."

Na ɗauko wani zane busasshe na lulluɓa masa. Damina shida ya ƙara a bakin ƙofar nan, a nan kuma tarin ya ɗauke shi.