Ƙumbar da Na Ci Saboda Baba

Har gobe ban manta da ranar da na kai Baba bakin teku ba. Lokacin ina direba a gidan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki ƙasar Larabawa, a unguwar Madinat Khalifa, Baba kuwa mahaifinsa ne, tsohon masunci. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya rufe baki, ba ya cin komai. Likita ya ce in ya ci gaba da haka, gado za a mayar da shi, a zura masa roba ta hanci.

Wata safiya cikin sanyi, kafil ya ce, "Tanimu, ƙumbar teku yake son ci. Kai shi, ko Allah zai sa."

Ni mutumin Daura, iyakar ruwana rijiya. Muka tarar teku ya janye, na tura shi a keken marasa lafiya har inda yashi ke da tauri. Ya nuna mini wani ɗan rami, ya ce in zuba gishiri. Sai ga abu ya tsiro, dogo siriri kamar askar wanzami a naɗe. Dangin ƙumba ne mai zama a tsaye cikin yashi, gishiri ke fito da shi.

Na fizga da ƙarfi, ya tsinke, na zauna daɓas cikin laka. Baba ya yi dariya har da tari.

"Ba a fizga, ya Tanimu. Riƙe kawai, za ta gaji ta biyo ka."

Haka muka cika kwano kafin ruwa ya dawo. Na gasa a kan gawayi, ɓawon ya buɗe, naman fari kamar tsutsa ta sha mai. Na miƙa masa, ya kau da kai.

"Kai tukuna."

"Baba, na ƙoshi."

"Khalas, shi ke nan. Ni ma na ƙoshi."

Na dubi abin, na tuna robar hanci. Na yi bismillah, na rufe ido na tauna. Ya ɗauki ɗaya. Na ƙara, ya ƙara. A haka muka ga gindin kwano.

Asibiti dai ba su sake ganinsa ba a sanyin nan.

Ku masu tasowa, in an ba ku tsoho, kada ku fizge shi. Riƙewa ake yi. Kuma aikin direba bai tsaya a sitiyari ba: ni da haƙoran nan nawa, da ba su cika ba, na hana Baba kwana asibiti.