Kiran Sallah a Gidan Injiniya

Muna idar da sallar asuba muka bar Kaduna, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a mota: ni, da maiɗakina, da ƙanena da ke tuƙi, don yanzu in na wuce awa biyu a kan sitiyari ƙuguna sai ya yi mini bore. Takarda ce ta tayar da mu. Na cika shekara talatin da biyar a aikin gwamnati, an ba ni wata uku in kwashe kayana daga kwatas. Gidan mahaifinmu na ƙauye an raba shi tuntuni, 'ya'yanmu huɗu kuma kowa yana inda abinci ya kai shi. Kuɗin sallamar da aka ba ni daga aiki gida ɗaya za su saya, in aka yi kuskure a zaɓe babu gyara, a nan za mu ƙarasa abin da ya rage mana.

Ni na zaɓi Bauchi. Na yi hidimar ƙasa a can ina saurayi, garin ya zauna mini a rai. Abin da nake nema kuwa ɗaya ne tak, shiru. Shekara ashirin ina kwana ina tashi da injin niƙa a bayan tagata. Ni ba mutum ba ne mai son hayaniya da yawan gaishe-gaishe, ban taɓa ɓoyewa ba, maiɗakina ma ta gaji da yi mini ba'a a kai.

Damina ta zauna sosai, daga Pambeguwa har Saminaka masara ce kore shar dama da hagu. Hanyar dai sai haƙuri, ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai mota ta gaya maka. A Saminaka muka sayi gasasshiyar masara, a Jos ƙanena ya nace sai ya cika but ɗin mota da dankali wai ya fi araha, ya manta cewa tafiya muke yi ba dawowa ba. Daga Tilde hanya ta miƙe, muka wuce Nabordo, dutsen Zaranda ya bayyana da gajimare a kansa. Muna shiga Bauchi muka nufi wajen Wunti neman masa. Ta yi tsada fiye da yadda na bar ta, ta kuma ƙanƙance, amma da aka zuba mata miya da yaji sai na yafe wa mai tuyar.

Dillalin da aka haɗa mu da shi ɗan tsamurmuri ne mai wayoyi biyu, baki kuwa ba ya hutawa. Da yamma ya kai mu Yelwa. Gidan sabo ne fil, amma ɗakunan ɗalibai sun kewaye shi, kiɗa na tashi daga tagogi uku, kowace da nata. Ko falo ban ƙarasa dubawa ba na ce a tafi. Ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce ya gane irin gidan da nake so, gobe zai kai ni.

Washegari gab da tsakar rana muka shiga GRA. Muka bar babban titi, muka bi wani layi mai manyan itatuwan darbejiya da suka haɗe a sama, muka sake karya kwana zuwa wani da ba ya ɓullewa. Ƙanena ya kashe mota. Na fito na tsaya, na ji abin da na yi shekaru ina roƙon Allah. Ba keke, ba mai talla, ba kukan akuya. Katangu dogaye, kowace da wayar lantarki a kanta, ƙofofi duk a rufe. Wallahi daɗi ya kama ni.

Gidan shi ne na ƙarshe a layin, da ɗan ƙaramin masallaci manne da katangarsa ta waje. Dillali ya buɗe kwaɗo uku kafin mu shiga. Ya ce na wani injiniya ne da ya yi ritaya, ya rasu bara, 'ya'yansa suna Abuja da ƙasashen waje, so suke su rabu da shi. Ciyawa ta kai gwiwa. Ginin dai na da ne mai kauri, ɗakuna huɗu, ga rijiya, ga sola a kan rufi. Farashin da ya faɗa ya yi sauƙin da sai da na ce ya maimaita.

Maiɗakina ce ta tsaya a gindin wata bishiyar gwaba. Rassanta sun tsallaka katanga har titi, 'ya'yan sun nuna, sun zube ciki da waje suna ruɓewa. Ta ce mini a hankali, “Malam, gwaba a bakin titi, ba wanda ya tsinka?” Na ce ai wannan shi ake kira unguwar masu tarbiyya. Ba ta yi dariya ba.

A ɗakin maigidan an kwashe komai, sai abin da ke kan taga: tabarau, da kwalin maganin hawan jini. Na ɗauka na duba. Irin nawa ne sak, har ƙarfinsa. Na ajiye shi yadda na same shi, na goge hannuna a riga ba tare da na san dalili ba.

Muna tsaye a nan aka fara kiran sallah, kusa ƙwarai, daga masallacin ƙofar gida. Muryar dattijo ce, mai rauni amma mai daɗi, tana jan kalmomi a natse. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya ya yi tari sau biyu, ya gyara murya, ya ci gaba. Na duba agogo, na ga da sauran kusan minti ashirin kafin lokacin da aka kira azahar jiya a cikin gari, amma ban kawo komai a raina ba. Na ce alhamdu lillahi, ga shiru ga masallaci a ƙofa. Dillali kuwa nan take wayarsa ɗaya ta tuna masa da wani kira, ya fice bayan gida.

Ni da ƙanena muka yi alwala da ruwan roba muka fita. Ƙofar masallacin a kulle take daga waje, kwaɗon ya yi tsatsa. Ba takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa. Kiran kuwa bai ƙare ba. Na leƙa ta taga. Dadduma ɗaya ce shimfiɗe a gaba, da buta a kife, gizo-gizo ya yi saƙa daga mihirabi har fanka. A jikin bango akwai wani ɗan akwati baƙi, jar fitila tana ƙyaftawa a kansa. Muryar ta kai ƙarshe, ta yi ƙasa tana karanta addu'ar bayan kira. Daga nan sai na ji jan silifa a kan siminti, ɗas, ɗas, yana matsowa kamar mai shi zai zo ya buɗe mana. Sai wani ɗan ƙara, komai ya ɗauke. Ƙanena, mutum mai shekara hamsin da 'ya'ya bakwai, ya damƙi hannun rigata.

“Sannunku da zuwa, Baba. Kun zo ganin gida ne?”

Muka juya a firgice. Wata dattijuwa ce a ƙaramar ƙofar gidan da ke kusa, da ɗankwali da tsintsiya a hannu. Ta ce sunanta Mama Rifkatu, mutuniyar Bogoro ce, ta yi ritaya daga aikin jinya. Maiɗakina ta fito ta same mu, suka gaisa. Na tambaye ta wane ne ladanin.

“Shi ne. Baba Injiniya. Dillali bai gaya maku ba ko?”

Ta jingina tsintsiyarta ta ba mu labari. Shi ya gina masallacin, shi ne ladan shi ne liman. Da farko masu gadi da direbobin layin suna cika sahu. A hankali masu gidajen suka koma Abuja, aka sallami masu gadi aka ɗaura waya a katanga. Musulmin da suka rage in sun ji kira sai su yi sallarsu a gida, ko su shiga mota su tafi babban masallaci. Da matarsa ta rasu ya zama shi kaɗai. Gwiwa ta fara ba shi wahala, sai ɗansa ya naɗi muryarsa ya sa a akwatin nan, ya haɗa da sola, ya saita lokuta, don ranar da ya kasa fitowa. Injiniyan kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa.

“Ni ba na sallah, amma da kiranshi nake shan magani na,” in ji ta. “Ran nan sai na ce, tarin nan wuri ɗaya yake zuwa kullum. Baba, na yi shekara talatin a asibiti. Tarin mutum mai rai yana canzawa, yau ya yi nauyi, gobe ya yi sauƙi. Wannan ba ya canzawa. Na je na buga ƙofan Alhaji na can gaba, na ce mu duba Baba. Ya ce haba Mama, yanzu-yanzu na ji shi ya kira la'asar. Na koma, na sake dawowa. Sai kwana na tara aka fasa ƙofa.”

A zaune suka same shi a kujera kusa da ƙofar falo, da hularsa a kai. Kwana tara yana kiran unguwa sallah sau biyar a rana, kowa yana cewa Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ta ce har yau ba a kashe akwatin ba. 'Ya'yan sun ce sadakar mahaifinsu ce, makwabta kuma ba wanda yake so a ce da hannunsa aka kashe kiran sallah. Lokutan na bazarar da aka saita su ne, shi ya sa yanzu yake riga gari ko ya makara.

Muka jira lokaci ya shiga sosai. Hukuncin kiran na'ura na bar wa malamai, na sa ƙanena ya tayar da iƙama, muka yi azahar a barandar masallacin mu biyu. Ban taɓa yin sallar da na kasa daina sauraren bayana ba sai ranar.

Da dillali ya ɓullo na tare shi. Ya ce, “Yallaɓai, ai wannan ƙari ne a kan gida. In kuma ba ka so, waya ɗaya ce a zare.” Na ce to ga kwaɗo, nemo mabuɗi ka zare. Ya ja da baya, ya ce a'a, wannan sai mai gida.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni: duk da haka ina son gidan. A mota na yi ta lissafa wa maiɗakina kaurin gini da rijiya da sola, na ce mutuwa ai ko'ina tana zuwa. Dillali kawai ta ce wa ya kai mu inda mutane suke.

Ya kai mu wani lungu a bayan Gwallaga. Gidan ƙarami ne, ɗaki uku, tsakar gidan ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ga mai walda a dama, ga tela da janareta, ga wani Inyamuri mai sayar da kayan babur yana ciniki da Hausar da ta fi tawa sauri. Kaina ya fara sarawa tun kafin a buɗe ƙofa. La'asar ta same mu a nan, na shiga masallacin lungun, muka matsu har kafaɗa na gugar kafaɗa. Ana sallamewa liman ya waiga ya bi sahu da ido, ya tambayi ina Malam Buba mai gyaran agogo, tun azahar bai gan shi ba. Mai waldan ya tashi ya fita. Kafin mu gama addu'a sai ga shi ya dawo da wani tsoho yana ta faɗa, wai mura ce kawai ta kwantar da shi, mutum ba zai yi barci a gidansa ba sai an kusa ɓalla masa ƙofa. Jama'a suka yi ta dariya. Na ce a raina wannan shi ne ainihin abin da na tsana, a sa maka ido har a kan barcinka.

Washegari muka kamo hanyar gida ba tare da mun yanke komai ba. Ruwa ya tare mu a Magama, muka yi ta tafiya a hankali har Jos. Ina ta ƙorafin walda da janareta, ƙanena yana taya ni don a zauna lafiya. Sai bayan mun wuce Jengre maiɗakina ta yi magana daga kujerar baya.

“Malam, in kai ka riga ni, ba na jin komai. Ko a ina ka bar ni, cikin mako ɗaya na san kowa a layin, kowa ya san ni. Amma in ni na riga ka fa? Shekara talatin da uku ni ce nake gaisar maka da mutane. Wa zai buga maka ƙofa?”

Na buɗe baki in ba ta amsa, ban sami sunan mutum ko ɗaya ba. Tsoro ya kama ni irin wanda bai kama ni a tagar masallacin nan ba, na kuma ji kunya ƙwarai. Da magariba muka shiga Kaduna.

Na tafi Bauchi da jerin abubuwan da zan duba a gida: rufi, ruwa, wuta, takardu. Na dawo na san cewa ga mai shekaruna akwai tambayar da ta riga waɗannan duka, wato kwana nawa zai yi ba a gan shi ba kafin wani ya damu. Da safe na kira dillali na ce gidan Gwallaga muke so. Ya tuna mini cewa ni na ce ba na son a dame ni. Na ce masa har yanzu ba na so, amma ya gaya wa mai waldan nan, in ya ga azahar da la'asar sun wuce ban fito ba, kada ya tsaya sallama, ya zo da kayan aikinsa.