Sabulun da Tsoro Ya Yanka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ɗanjuma, Allah Ya jiƙansa Ya kyautata makwancinsa. Ba sananne ba ne, don haka ban sa ran mai karatu ya san shi ba. Ma'aikaci ne a wani kamfanin sabulu a Sharaɗa ta Kano, ya yi shekara ashirin da ɗoriya a sashen gyaran injina, kuma aikinsa na musamman shi ne kula da mazubi, wato ƙarfen da ke fitar da sandar sabulu a kan girmanta. Ni ce 'yarsa ta biyu, yanzu ina ajin ƙarshe a jami'a ina karanta tattalin arziki. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai malami ya kira sunana nake buɗe baki. Amma bana wani abu ya faru a gidanmu da ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Baba bai bar mana fili ko mota ba. Cikin ɗan abin da ya bari akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe, a cikinsa sandar sabulu biyar, duk na kamfaninsu, duk masu tambari iri ɗaya. Sun bushe sun yi tauri, ƙamshinsu ya daɗe da tafiya. Idan aka jera su, kowace ta fi wadda ke bin ta girma. Na san sabulu kan motse idan ya daɗe, shi ya sa ban amince da nauyinsu ba, na ɗauki rula na auna tazarar da ke tsakanin tambari da gefen kowace sanda. Tambarin bai canja ba, gefen ne ke ta matsowa kusa da shi. Ta farko ba a rubuta komai a jikinta ba. Sauran huɗun kuwa Baba ya karce kalma ɗaya a kan kowace da tsinin ƙusa: wuta, dala, hanya, tsoro.

Yadda abin yake shi ne, idan kuɗin yin sabulu ya hau, kamfani ba ya son ƙara farashi kullum don kada masu saye su gudu. Sai a kira Baba a ce ya liƙa siririn ƙarfe a cikin mazubi, sanda ta ragu kaɗan yadda ido ba zai lura ba. Duk lokacin da aka sa shi wannan aiki, sai ya tambayi dalili, ya ɗauki sanda ɗaya daga sabon zubi ya rubuta dalilin a kai. Yakan ce shi bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma ba ya son ya yi aikin da bai san mafarinsa ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ta wuta ita ce ya fi yawan ba mu labarinta. Wutar lantarki ta daina zama, kamfani ya koma kan janareto, kuma janareton kamfani ba irin na mai shagon aski ba ne, tankin man dizal yake sha. Baba ya ce daga ranar duk matar da ta sayi sabulu ta wanke kayan 'ya'yanta, ta biya kuɗin dizal ba ta sani ba. Ta dala ta zo ne lokacin da Naira ta faɗi. Sodar da ake haɗa sabulu da ita daga ƙasar waje take zuwa, haka turaren, haka kayan gyaran injin, har ledar da ake naɗe sabulun ma asalin kayanta ba namu ba ne. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne a ce mu ke da fatu amma magungunan jimarsu a Chalawa sai an yi odarsu, mu ke da gyaɗa da auduga amma ƙusar injin da zai sarrafa su sai ta hau jirgin ruwa. Ta hanya kuwa labarin manja da alayyadi ne da ake ɗaukowa daga kudu: tirela ta kwana huɗu a tafiyar kwana biyu, ramuka su ci taya, kowane shinge direba ya sauke wani abu, kuma duk abin da ya sauke a jikin sabulu ake yankowa.

A jami'a an koya mana cewa farashi na hauhawa idan kuɗi suka yi yawa a hannun jama'a alhali kaya sun yi kaɗan, musamman idan gwamnati na kashe abin da ba ta tara ba. Wannan gaskiya ne, kuma na tabbata Baba ba zai musa ba. Sai dai na san tambayar da zai yi, ita ce me ya sa kayan suka yi kaɗan. Duk wanda ya hau adaidaita sahu daga Bompai ya ratsa Dakata, ko ya bi titin Sharaɗa zuwa Chalawa, zai ga amsar da idonsa. Gine-ginen da a da ake jin ƙarar injinsu tun daga bakin titi, da yawansu yanzu sito ne na kayan da aka shigo da su. Kamfanin su Baba ma haka ya ƙare, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ga manomin da rashin tsaro ya raba da gonarsa, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur. Ƙasar da ba ta yin abin da take ci, dole kuɗinta ya riƙa bin kayan wasu yana haki.

Amma duk wannan bai bayyana dalilin da ya sa tsadar ta ƙi tafiya ba. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to me ya hana jifan farashi faɗowa? Amsar Baba tana kan sanda ta biyar, kuma ita kaɗai na shaida da idona, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ya dawo daga aiki da la'asar ya zauna a tabarma bai ko cire takalmi ba, ya gaya wa Umma cewa manaja ya sake kiransa a kan mazubi.

Ya ce, "Na ce masa, ranka ya daɗe, me ya tashi wannan karon? Dizal na nan yadda yake, soda ma akwai ta a sito. Sai ya ce mini, Ɗanjuma, ba abin da ya tashi, amma zai tashi."

Umma ta ce, "To sai kuka yi yaya?"

"Sai na liƙa mana. Ina da bakuna shida a gida, zan yi gardama da mai biyana?"

Ya yi aikin, ba zan mayar da shi jarumin da bai zama ba. Amma ranar na ga ya daɗe yana juya ƙusa a hannunsa kafin ya rubuta tsoro. Sai da na girma na gane ya riga malamaina gaya mini babin da ya fi kowane wuya. Idan mutane suka saba da tashin farashi, kowa sai ya fara saka kuɗin gobe a kan kayan yau. Ɗan kasuwa ba ya duba yadda ya sayo, yadda zai sake sayowa yake dubawa. Mai gidan haya ya ƙara don ya ji an ƙara, mai adaidaita ya ƙara don mai gida ya ƙara masa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, to a kasuwarmu ruwan da kowa ke shafawa shi ne ke ƙara wa wutar ƙarfi. Kuma ba tsoron wauta ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin lura shi ne, sau huɗu aka sa Baba ya liƙa ƙarfe, ba a taɓa kiransa ya ɓamɓare ko ɗaya ba, ko a lokutan da dala ta ɗan lafa.

Da kamfanin ya rufe, Baba ya roƙi wani tsohon mazubin hannu da aka jefar cikin tarkace, na tun kafin a kawo manyan injina, mai girman sanda ta farko. Da shi ya koya wa Umma yin sabulu a tsakar gida. Tun bayan rasuwarsa wannan mazubi ne ke ciyar da mu, shi ya kai ni jami'a. Mafi yawan abin da Umma ke yi Alhaji Mudi ne ke ɗauka, wani mai babban shago a bakin titin unguwarmu.

Bayan ƙaramar Sallah Alhaji Mudi ya aiko cewa sabulun Umma ya yi wa mutane tsada, kowa ya rage girman nasa, in ba ta rage ba zai koma wa wasu. Umma ta kwana biyu tana tunani, sannan ta naɗe mazubin a buhu ta ce in kai wa Baba Ila mai walda, tsohon abokin aikin Baba, mutumin Maraɗi da ya tsufa a Sharaɗa, ya liƙa ƙarfe a ciki. Na ɗauka na tafi, don ban saba mayar mata da magana ba.

Baba Ila na buɗe buhun ya gane shi. Ya ɗaga tabaraunsa na walda ya dube ni ya yi dariya. "A'a, Malamar Ɗanjuma! Har yanzu ba ki koyi magana ba? Wannan ai tsohon abokina ne, ya girme ki. Me ya same shi?"

Na ce, "Baba, Umma ce ta ce a rage shi."

Ya shafa gefen ƙarfen da babban yatsa ya ce, "Aikin minti goma ne. Amma ki sani, ni liƙawa na iya. Ubanki ya nemi ranar ɓamɓarewa har ya koma ga Allah bai gan ta ba. In kin ce in kunna wuta, in kunna."

Na tsaya a bakin rumfarsa tireloli na wucewa. Daga ƙarshe na ce ya dakata, na mayar da mazubin buhu na koma gida. A hanya na san abin da na ɗauko: idan Alhaji ya janye, rajistata ta zangon ƙarshe da cefanen gidanmu duk sun shiga wani hali.

Na tarar da Umma tana tace soda. Na durƙusa na ce, "Umma, ku yi haƙuri, ban bayar an yi ba. Ina so in tambaye ku, me ya tashi wannan watan?"

Ta ce soda ta tashi kafin azumi, kuma mun riga mun ƙara kuɗi a kanta. Na ce ban da ita fa? Sai ta ce, "An dai ce alayyadi zai tashi." Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta ajiye matacin ta ce, "Ke da ubanki ba ku da dama." Sai na kawo shawarar da na yi ta bitarta a hanya: a bar sanda yadda take, a faɗi kuɗinta na gaskiya, wanda ba shi da halin sanda guda a yanka masa rabi a gabansa, ya san rabi ya saya. In alayyadi ya tashi da gaske, a ƙara kuɗi a faɗi dalili.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Alhaji Mudi ya rage abin da yake ɗauka sosai, ya ce mu masu taurin kai ne, kuma watanni biyu mun ji a jikinmu, har nama ya ɗauke ƙafa daga tukunyarmu. Masu wanki da guga ne suka fara zuwa gida da kansu, domin su ba da ido suke auna sabulu ba, da yawan kayan da ya wanke suke aunawa. Ba su cike gurbin Alhaji duka ba, amma na yi rajista, kuma alayyadin da aka ce zai tashi sai da ya yi wata uku kafin ya motsa.

Na sani sarai mazubin Umma ba zai sauko da farashi a Kano ba. Wannan sai an samu wutar da za ta tayar da injinan Bompai da Chalawa, da hanyar da tirela za ta bi ba ta zubar da rabin ribarta ba, da manomi a gonarsa, da gwamnatin da za ta riƙe hannunta har mutane su yarda cewa kuɗin yau zai yi amfani gobe. Da Baba na raye, na tabbata ba zai yi mamakin tsadar yau ba, ya riga ya rubuta sunayenta da ƙusa. Abin da zai tambaya shi ne, cikin ƙarin nan wane ne na wuta da dala da hanya, wane ne kuma na tsoro. Wannan tambaya ita ce gadon da ya bar mini, kuma na ga tana aiki ko a bakin mai jin kunya irina.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan mun yi wa Baba addu'a, na ɗauki sanda ɗaya daga zubin Umma na saka a akwatin. Na ɗora ta a kan ta farko, gefe ya hau gefe, ban da ɗan motsewar da shekaru suka jawo wa tsohuwar. Umma ta miƙo mini ƙusa ta ce, "To Malama, me za ki rubuta a kan wannan?"

Na mayar mata da ƙusar na ce, "Ba komai, Umma. Wannan ba abin da ya ci ta."