Ranar da Dodo Ya Fito a Falona

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, na kamu da wani ciwo da ba a sha masa magani. Abokina ne ya shafa mini. Ya dawo daga karatu da wani kwali cike da 'yan mutum-mutumin roba, kowanne bai fi babban yatsa ba: masu takobi, masu kwari da baka, da wasu halittu masu ƙaho. Wasa ne na kan tebur, amma ba irin ludo ba da kowa ke neman cinye ɗan'uwansa. A nan ku huɗu kuke haɗa kai ku yaƙi abokin gaba ɗaya. In kun ci, kun ci tare. In ya fi ƙarfinku, duk kun sha ƙasa.

Robobin farare suke zuwa, kai za ka yi musu fenti da kanka. To nan fa na lalace. Ƙato da ni, har da gemu, in zauna da burushi mai gashi uku ina zana wa roba gira. Matata ta yi magana har ta gaji, ta bar ni da halina.

Shi babban abokin gaban nan, mun rasa sunan da za mu ba shi da Hausa, sai muka ce dodo. Allah ya sani ba wanda ya kawo komai a ransa. Mu 'yan boko, dodo a wurinmu na tatsuniya ne. Mako uku na yi ina masa fenti, kuma a makon da na gama ne mahaifiyata ta zo daga Kagoro ganin likita saboda ciwon gwiwa.

Bari in gaya muku wace ce mahaifiyata. Ta daɗe tana shugabancin zumuntar mata a cocinmu. In ta tayar da waƙa, har bakin hanya ana ji. Fasto kansa sai ya gyara tsayuwa kafin ya yi mata magana. Tun da nake ban taɓa ganin ta ji tsoron wani abu ba.

Ranar Asabar da rana matata ta kwashi yara suka tafi biki. Ni kuwa na tsaya a tsakar gida ina waya da ƙarfi: "Ku zo da wuri, yau dodo zai fito! Na gama shafa masa ja." Da abokaina uku suka iso, don kada hayaniyarmu ta dame ta, na leƙa ɗakinta na ce, "Mama, za mu rufe ƙofa. Duk abin da kika ji, kada ki fito." Ta kalle ni kawai.

Muka rufe falo muka dukufa. Shi abokin nawa mai kwalin ba ya wasa da wasa: duk lokacin da dodo zai yi magana, sai ya kafa baki a gwangwanin madara ya yi gurnani, murya ta fito kamar daga rami. Mu kuma muna ihu, "Ya kama shi! Ku taru, ku taru!" Haka muka kwashe wajen awa uku.

Da suka tafi, na ɗebo ruwa in kai mata ta sha magani. Ba ta ɗaki. Ga takalmanta, ga sandarta. Na duba bayan gida, na tambayi maƙwabta, ba wanda ya gan ta. Daga ƙarshe na tura ƙofar ɗan ɗakin da muke ajiye masara da citta.

Tana durƙushe a bayan buhu, fuskarta a bango, ta lulluɓe kai da zane. Matar da ko kujera ba ta iya zama a kai sai an riƙe ta.

Na ce, "Mama! Me ya faru?"

Ba ta juyo ba. Da yarenmu ta amsa: "Ban ga komai ba. Don Allah ku gaya musu ban gani ba."

Nan take na gane abin da na yi. A garinmu, kafin zuwan bishara, dodo ba tatsuniya ba ne. Asirin maza ne. Su shiga ɗaki su rufe, a ji wata murya tana fitowa, mata kuwa su ɓuya, don macen da ta gani ta shiga uku. Na san wannan sarai, a littafi. Ban taɓa zaton yana nan zaune a cikin ƙirjin uwata ba.

Na ce wasa ne, ta ƙi yarda. Na rantse mata da baftismata, ta ƙi buɗe ido. Sai na ruga falo na ɗauko dodon robar, na durƙusa, na buɗe tafin hannunta na sa mata. Ta zabura kamar na ɗora mata garwashi. Can ta fara shafa shi da yatsa, ta taɓa ƙahon, ta matsa cikin.

"Roba ne?"

"Roba ne, Mama. Ni na yi masa fenti."

Ta ɗaga zanen a hankali. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana ƙarama, an ce mahaifiyarta ta leƙa ta gani. Aka fito da ita tsakiyar gari aka yi mata hukunci, su yara suna jin kukanta daga cikin ɗaki, ba wanda ya isa ya fita. Ta ce da ta ji muryar nan daga falona, ta ɗauka abin da babanta ya sha duka kafin ya bari, ni na dawo da shi da hannuna.

Da ƙyar na ɗaga ta, don gwiwar ta kumbura suntum. Ina kai ta ɗaki ta kama kunnena ta murɗe da gaske. "Kai da kake malamin makaranta, Hausa ta ƙare ne? Duk kalmomin duniya ka rasa na kiran abin wasanka sai wannan?"

Har gobe muna wasanmu, sai dai ƙaton kawai muke ce masa, ƙofa kuma a buɗe. In mun tuna ranar, abokaina dariya suke yi har da hawaye, ni ma nakan taya su. Amma akwai abin da ban taɓa gaya musu ba, shi ne yake damuna har yau. Matar nan ta goya ni, ta yi mini wanka, ta zane ni ba sau ɗaya ba. Ranar nan kuwa, a cikin gidana, ba ta ce mini "ɗana" ba. "Ku" ta ce mini, kamar ni ma ɗaya ne daga cikin mazan dodon, tana roƙona in rufa mata asiri.