Kindirmona da Tayar Sale

Jama'a, yau ƙwaryar kindirmo ta yi aikin bakanike!

Na shiga Fijon Sale direba daga Gagarawa, zan kai wa jikata maijego kindirmo Gumel. Muna hawa kwalta, mota ta kama rawa, kindirmo yana neman zubewa.

Na ce, "Ɗan nan, bar ni in isa da abina."

Ya ce, "Iya, taya ɗaya ce ta karkace, ban san wacce ba."

Sai ya dinga sauya mini kujera yana kallon ƙwaryar. Ina komawa baya ta hagu, kindirmo ya yi tsalle har haɓata. Ya sauya tayar da ke ƙarƙashina, mota ta natsu.

Jikata ta buɗe ƙwarya, ga mai ya taso. Ta ce, "Tsohuwa, wa ya kaɗa miki?"

Na ce, "Tayar Sale."