Randar Inna da Kakin Yaya Sale

Wata Asabar a daminar shekarar samun 'yancin kai, ina tsugune ina wanke-wanke a gidanmu na unguwar Bromakoté da ke Adjamé, sai ga ƙarar takalma a zaure, ba ko sallama.

Mu yaran Adjamé mun san masu kaki kamar yadda muka san masu tuyar doya. Jandarma na manyan hanyoyi ne, direbobin motocin goro yake firgitawa. Polisi yana bakin kasuwa da usur, ɓarayi yake bi, kuma a ƙofar gida yake tsayawa. Duba-gari kuwa, mai neman tsutsar sauro, shi kaɗai ke kutsawa har wurin mata, ya tsoma ludayinsa a kwata, ya tsoma a ruwan sha. Ko a wasan 'yan sanda ba wanda ke yarda ya zama shi.

Yayana Sale polisi ya nema, rashin tsawo ya hana shi, ya ƙare a duba-gari can unguwar Treichville. Inna ta riƙa kare shi a wurin maƙwabta, tana cewa, “Kaki ai kaki ne.”

Ran nan aka turo su unguwarmu, shi ne ya shigo, shugabansa na biye. Bai gaida kowa ba. Kai tsaye ya nufi randar Inna, wadda ta gada wurin mahaifiyarta, ta naɗo cikin zannuwa tun daga Kano, ta jirgin ruwan Ikko. Ya tsoma ƙazamin ludayin nan, ya ɗaga, ga tsutsa tana wutsil-wutsil. Aikinsu zubar da ruwa ne kawai, kowa ya sani. Amma Sale yana so a ce ba ya son kai.

Inna ta ce a hankali, “Sale, zubar kawai. Zan wanke.”

Ya ce, “Madam, matsa.”

Madam! Ya sa ƙafa ya ture randar, ta dare biyu. Shugaban ma kawar da kai ya yi. Inna ta tsince gutsattsarin da hannunta, ba ta bar ni na taɓa ba.

Yau ruwan famfo muke sha daga firiji, ba mai leƙa mana tukunya, amma ban ƙara jin ruwa mai ƙamshin ƙasa irin na randar nan ba. Daga baya Sale ya sami ƙarin girma, ya aiko wa Inna sabuwar randa. Kaji ta riƙa zuba wa ruwa a ciki har ta rasu.